Gwajin Lensi a Kasuwar Moriki

Waya ta kashe mana sana'a. Yanzu kowane ɗan iska mai hoto ne, ni da na tsufa da kyamara a wuya sai in wuni a shago ina korar ƙuda. Shi ya sa da wani ɗan kudu mai sayar da kayan hoto a Ƙaura ya ce ya samo lensi mai zum, irin wanda ke jawo abu daga nesa, na ce ya ba ni in gwada kafin in saya.

Ranar kasuwar Moriki na tafi da shi. Nauyi gare shi kamar taɓarya, zoben da ake murzawa kuma tauri, sai ka sa ƙarfi. In ka jawo shi har ƙarshe hannu rawa yake, dole na kafa gwiwar hannu a kan buhun dawa. Na ɗauki shanu, na ɗauki masu awo. Can bayan 'yan lodi sai na hango wani tsoho a tsugune, ya lulluɓe kai da mayafi, yana tsince geron da ya zube a ƙasa yana zubawa a aljihu. Na ce ga gwaji: in ƙwayar gero ta fito daga nan, lensi ya cika lensi. Na danna, na wuce.

Washegari ɗan kudun ya sa hoton a kwamfuta yana ƙara masa girma.

"Oga, dubi! Gefe ya ɗan yi hazo, amma tsakiya fa? Har gero kana gani ɗaya ɗaya."

Na ce, "Ja sama mu ga fuskar sarkin kala." Har da dariyata.

Ya ja sama. Surukina ne, uban matata.

Mutumin da a da yake ciyar da rabin ƙauyensu a bayan Zurmi, kafin 'yan bindiga su raba su da gonaki ya dawo Moriki da zama. Duk sanda matata ta aika tambaya, sai ya ce hatsi na nan, kada a damu. Ban taɓa kallon ƙwayar idonsa ba. In na hango shi, sauka nake daga babur in tuɓe takalmi. Ga ni yau ina kallon har gumin da ke bin tsagar fuskarsa.

Ɗan kudun ya ce, "Bari in wanke babba in manna a ƙofa, talla ce."

"Goge shi."

"Haba Oga! Ka san shi ne?"

"Ban san shi ba. Goge."

Na tsaya a kansa har ya goge, na goge na cikin kyamarata. Na ajiye masa lensinsa, na ce ya yi mini nauyi.

Ban gaya wa matata ba. Ranar Juma'a na ɗaura rabin buhun gero a babur na tafi gaida surukina. Na durƙusa daga bakin zaure, na ce wani ne ya biya ni aiki da hatsi, ya yi mana yawa.

"Mi ne wanga? Mu manoma za a kawo ma hatsi? Maida ma yara."

Bai ko bari na sauke ba. Da zan tashi ya shiga ciki, ya fito da ɗan ƙullin gero a leda.

"Ungo, a yi ma jikokina kunu. Na gona ne."

Na karɓa da hannu biyu, kaina a ƙasa.

A gida matata ta zuba a ƙwarya tana rege shi, tana mita. "Wannan tsakuwa haka! Baba ya tsufa, masu yi masa sussuka cutarsa suke yi."

Na ce haka ne. Da kunun ya dahu ta miƙo mini, na ce a ba yara, ni na ƙoshi.