Ƙafar Maijegon da Na Kusa Tausa

Har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da Sista Rifkatu ta buge mini hannu a gaban marar lafiya ba. Ku sababbin shigowa ku saurara da kyau, don ba na son maimaita magana.

Lokacin watana biyar a ɗakin gashin ƙashi da tausa na wani ƙaramin asibiti a Ikara. Mataimakiya ce ni, wato matakin ƙasa da ake ɗauka da takardar sakandare. Soja ke mulki, an tsuke bakin aljihu, ɗakin magani ba komai sai kwalaye. Fitilar gashinmu ta mutu, ba mai gyara, abin da ya rage mana hannu ne da mai. Sista Rifkatu, mutuniyar kudancin Kaduna, ita ce shugabar ɗakin. Ita ta koya mini tausar asibiti irin ta Turawa: a shafa mai, a dinga tura nama daga ƙasa zuwa sama, wajen zuciya. Doka kuma, ba a taɓa kowa sai ta duba shi ta sa hannu a kati. Ni a ganina ɓata lokaci ne.

Ran nan Sista ta je ofis, sai ga wata tsohuwa daga Janfalan ta riƙo matar ɗanta Talatu, kwana goma sha biyu da haihuwa. Ƙafar hagu ta kumbura daga idon sawu har gwiwa.

"'Yar nan, jijiya ce ta harɗe," in ji tsohuwar. "Mun gasa da ruwan wankan jego har mun gaji. An ce mana ke ce mai hannu."

Yabon ya shige ni. Na ce, "Iya, wannan ai ƙaramin aiki ne. Talatu, hau gado."

Na zuba mai a tafi, na kama idon sawun ke nan, sai na ji tas a bayan hannuna.

"Hadiza! Wa ya sa hannu a katin?"

"Sista, jijiya ce kawai ta harɗe."

"Wace jijiya?"

A bakinmu ai duk jijiya ce: wadda ke ɗaure nama da ƙashi jijiya, wadda jini ke bi ita ma jijiya. Ban taɓa tsayawa na raba su ba. Sista ta ɗora bayan hannuna kan ƙafar dama, sanyi ƙalau. Ta mai da shi kan ta hagu, zafi rau, fatar ta yi tauri tana sheƙi.

"Ta jini ce," in ji ta. "Jini ya daskare a ciki, yakan faru da masu jego. In kika turo gudan sama, ina zai tsaya?"

Na ce ban sani ba.

"Huhu. Kafin ki wanke man hannunki jaririn nan ya rasa uwa."

Tsohuwa ta ce, "Haba Sista, duk tafiyar nan, ko ɗan matsawa ba za a yi mata ba?"

"Iya, ke ma kada ki matsa. In na ji kin taɓa ƙafar nan, har Janfalan zan biyo ki."

Likita ya duba, ya rubuta takardar turawa Zariya. Motar asibiti ba taya, sai wani mai motar hatsi aka roƙa ya kai su. Sista ta hana Talatu taka ƙasa, ni da ita muka ɗauke ta cak har mota. Bayan sati uku Talatu ta dawo gaishe mu da ƙafarta, da ɗanta a goye.

Na jira takardar gargaɗi, ba ta zo ba. Sista zaunar da ni ta yi, ta lissafa mini waɗanda ba a tausa: mai zazzaɓi, mai ƙurji ko ɗanyen ciwo a wurin, mai sabuwar karaya, duk kumburin da ya yi zafi. Mai ciki da mai ciwon zuciya ko hawan jini kuma, sai likita ya yarda. Allah ya saka mata da alheri, ta rufa mini asiri, ta kuma hana ni ɗaukar rai.

Mutanenmu ba ƙarya suke yi ba in sun faɗi ciwonsu, da kalmar da suke da ita suke faɗa. Rarrabewa aikinmu ne. Don haka ko wace ce ke a cikinku, in na shigo na tarar kin zuba mai ba ki yi tambaya ba, zan buge miki hannu, kuma ba zan ba ki haƙuri ba.