Ƙirgin da Rabo Ya Jiƙa a Tafki

Rabo majemi ne a wani ƙauye da ke kusa da Maijirgi, kuma a hannun mahaifinsa ya koyi jima. Shekara talatin yana jeme fatu da toka da bagaruwa, yana yanka takalman da manoma ke shiga gona da su. A al'adar gidansu, da damina a gefen tafki ake jiƙa ƙirgi, wato busasshiyar fatar sa, a ɗaure ta a turke har ta yi laushi. A wannan tafkin kuma shanun Bube suke sha. Bube makiyayi ne, abokinsa tun suna yara.

Wata ranar kasuwar Urafane, wani baƙo ya sayar masa da ƙirgi babba. Duk majemi ya san wuya ake fara dubawa, domin a nan ake ganin sawun wuƙa, a tabbata dabbar yanka ta aka yi, ba mutuwa ta yi ba. Wannan ƙirgi an datse masa wuya baki ɗaya. Rabo ya gani, ya yi shiru, saboda Salla ta ƙarato kuma ya yi wa mutane da yawa alkawarin takalma. Ya ɗora shi a amalanken jaki, ya kai tafki, ya bar shi kwana uku a ruwa.

A rana ta shida wani ƙurji ya fito masa a wuyan hannu, tsakiyarsa baƙa ƙirin, gefensa a kumbure, ba ya zafi ko kaɗan. Matarsa Zuhura ta duba ta ce, "Malam, ƙurjin da ba ya ciwo ban yarda da shi ba." Ya ja hannun riga ya rufe. Ya san abin. Ya taɓa ganinsa a wuyan wani kawunsa, wanda bai yi mako ba ya rasu. Ciwon saifa ne, wanda ke tasowa daga mushe.

Washegari da hantsi saniyar Bube ta faɗi a bakin tafki, jini na fita ta hancinta. Ta biyu da ta fara tangaɗi aka yi maza aka yanka ta. Rabo ya iso ya tarar an kewaye ta, mata sun fito da kwanoni, ana wasa wuƙaƙe. In ya yi magana, kowa zai san shi ya ɓata ruwan gari. In bai yi ba, naman nan zai shiga kowace tukunya kafin la'asar.

Bube ya hango shi ya ce, "Majemi, ka ji warin fata ka taho ke nan? Dakata a feɗe tukuna."

Rabo ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna ƙurjin. "Kada kowa ya taɓa ta, Bube. Ƙirgin mushe na jiƙa a ruwan nan."

Mata suka kife kwanoninsu ɗaya bayan ɗaya.

Likitan dabbobi ya zo daga Tasawa, aka binne shanun a rami mai zurfi, aka shinge tafkin da ƙaya. Rabo ya yi kwana tara a asibiti, ya tsira da tabo. Bube ya rasa shanu huɗu, ya ɗauke garkensa zuwa arewa ba tare da ya yi masa sallama ba.

Tun daga lokacin Rabo bai sake taɓa fata ba. Tsohuwar tayar mota yake yankawa ya yi ƙasan takalmi, ya ɗinka masa maɗauri na zare mai kauri. Bara yana zaune a rumfarsa, sai ga Bube ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallon takalman. Daga bisani ya tuɓe nasa, ya ɗora ƙafa a kan taya, ya ce, "Auna. Amma ka nuna mini wuyan tayar tukuna."

Rabo ya ɗauki alli, ya fara zana ƙafar a kan tayar.