Haddar da Ta Kayar da 'Yata a Birmingham

Ko zan manta ranar da na sauka ƙasar nan, ba zan manta zaluncin da aka yi wa ilimi a gabana ba, a gasar jawabi ta 'yan firamare a Birmingham.

'Yata ce, tana shekara goma, makarantarsu ta unguwar Moss Side a Manchester ta zaɓa ta je ta ciyo kofi. Batu ɗaya aka ba duk yaran: wani Ba'amurke na zamanin neman 'yancin ƙasarsu, wanda ya fara da aikin ɗab'i, ya ƙirƙiro sandar ƙarfen da ke kare gini daga tsawa, da tabarau mai gani nesa da kusa, ya kuma yi jakada a Faransa. Ni kuwa tsohon malamin tarihi ne a Kano. Na zage damtse na rubuta mata shafi uku, na sa ta hadda irin wadda muka taso da ita. In ta yi tuntuɓe in ce, "Sake daga farko."

Ranar gasa ta miƙe, ta harɗe hannu, ta zubo shi tas, ko waƙafi ba ta tsallake ba. Sai wata alƙaliya ta yi murmushi ta ce, "Mutumin nan ya taɓa mallakar bayi, daga baya ya koma adawa da bauta. Ke ya kike ganinsa?"

'Yata ta waiwayo ta dube ni, sannan ta ce cikin Turancinta na Manchester, "Baba bai rubuta wannan ba."

Zaure ya kwashe da dariya. Har muka hau hanyar gida ina ta faɗa. "Wa ya ce ra'ayi ilimi ne? Yarinya ta kawo muku tarihi cif, ku ce ya take gani?"

Uwarta da ke gefena a mota ta ce, "Malam, a hankali mana, tuƙi kake."

Daga kujerar baya yarinyar ta ce, "Ai na tambaye ka zancen bayin, Baba. Ka ce ba ya cikin takarda, in daina surutu."

Haka aka yi kuwa. Na ci gaba da tuƙi har Manchester. Ita kuma ba ta sake shiga wata gasa ba, ga shi har ta kai jami'a.

Na koyi cewa in yaro ya yi tambaya, a ajiye takarda a saurare shi, domin a nan karatun yake. Na yarda, na tuba. Amma yarinyar da aka ba kofin sau biyu tana ce wa Ba'amurken nan shugaban Amurka. Mutumin bai taɓa yin shugaban ƙasa ba.