Kartar da Na Sayo a Gwanjo

"Da wagga karta za mu yi wasa?" in ji Baba Ummaru, gwanin Ƙofar Kware.

Zamanin soja ne, wasan ƙarshe na gasar unguwanni, kyautar sabon keke. Ni ke buga wa unguwarmu, kuma mu ke kawo karta. Na sayo tsohuwa a gwanjo, na yi mako uku ina rubuta tabon bayan kowane kati a littafina: mai manja sarki, mai goro bakwai.

Na ce, "Ita ce, Baba."

Ya shinshina ta. "Tawa ta, ɗana. Ni naɗ ɗiga manjan. Uwargida tas saishe ta bara."

Shi ya hau keken. Jama'a, cikinmu wa ya cuci wani?