Fidelia Mai Hoto da Gwajin Fim Ɗin Majigi

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Fidelia Chinwendu a garin Jimeta a shekarar 1957. Mahaifinta Chinwendu mutumin Awka ne mai gyaran agogo, mahaifiyarta Adanna kuwa atamfa take sayarwa a kasuwa. Tana aji uku a firamare rikicin 1966 ya ɓarke, iyalin suka gudu kudu daga su sai kayan jikinsu. Da suka dawo a 1971 babu yayanta Taddeus, wanda yaƙi ya cinye, kuma babu hotonsa ko ɗaya. Wannan rashi ya tsaya mata a rai ƙwarai, shi ne ma ya kai ta ga sana'ar hoto.

Koyon sana'a da aure

A 1975 ta shiga koyo a shagon Malam Ishaku, babban mai hoton Jimeta a zamanin. Kasancewarta mace ya buɗe mata ƙofar da Malam Ishaku bai taɓa shiga ba, domin a gidajen unguwar Wuro Hausa iyakar baƙo namiji zaure, ita kuwa har ɗakin amarya ake kai ta. Ta auri Lawrence, malamin makaranta, a 1979, sannan ta buɗe shagonta a 1982.

Gwajin fim

A 1988 wani dillalin kayan hoto a Legas ya ba ta naɗi biyar na fim ɗin majigi, irin na ƙwararru. Shi wannan fim ba a wanke shi a kan kati. Idan an wanke shi hoton yakan fito ɗan ƙarami da launinsa a jikin fim ɗin, a sa masa firam na kwali, a haska shi a bango. Fidelia ta ƙudiri aniyar sanin ko zai yi aikin yau da kullum, wato biki da suna da hoton iyali.

A naɗin farko ta bi takardar umarnin kamfani sau da ƙafa, ta aika Legas, ta yi mako shida tana jira. Da hotunan suka iso, fararen riguna sun fito tas, fuskoki kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Masu hoton Jimeta suka samu abin dariya na wata guda, har Malam Ishaku ya ba ta shawarar ta bar wa Turawa kayansu. Ita kuwa da ma ba ta da saurin saduda. Ta zauna ta yi nazari, ta gano cewa wanda ya rubuta takardar bai san ranar Yola ba, bai kuma yi lissafi da baƙar fata a cikin farar riga ba. Sai ta mai da mutanenta inuwar darbejiya, ta ƙara buɗe idon kyamara kaɗan, ta sa a riƙe faranti daga kayan amarya yana mai da haske kan fuska. A naɗi na uku jan lalle da shuɗin baba da tsagar kumatu duk suka fito ras.

Hukuncin da ta rubuta a littafinta ba shi da son kai. Ta ce fim ne mai tsada wanda ba ya yafe kuskure, kuma bai dace da mai son kati a hannunsa gobe da safe ba. Amma ta ƙara da cewa idan aka tsare shi daga zafi da danshi zai riƙe fuskar mutum shekaru da yawa bayan katin ya koɗe. Wannan magana ta ƙarshe ba ta da shaida sai lokaci, don haka ta ɗaura ɗamarar jira, ta ci gaba da sayen fim ɗin. Duk inda ta je aiki, daga Ngurore har Mubi da Michika da Madagali, bayan hoton da aka biya sai ta ƙara guda da fim ɗin majigi, ta rubuta suna da ƙauye da rana a jikin kwalin. Tana adana su a gwangwanaye tare da ƙullin busasshiyar shinkafa mai shanye danshi. Zuwa 2003, da aka daina wanke irinsa a inda take aikawa, ta tara kusan dubu shida, abokan sana'a kuma na ganin wauta ce tsantsa.

Shekarun tashin hankali

A ƙarshen 2014, bayan 'yan bindiga sun mamaye garuruwan arewacin Adamawa, dubban 'yan gudun hijira suka cika Yola da Jimeta. Cikinsu akwai Liyatu, 'yar Michika, wadda aka kashe mata miji aka ƙone gidansu. Ta lalubo shagon ta ce, da irin Hausarsu: "Mama, ba kai ne ka ɗauke mu ranar aure ba? Ko guda ɗaya ya saura? Yarana ƙanana za su manta fuskan babansu."

Fidelia ta shafe shekara goma sha ɗaya ba ta buɗe gwangwanayen ba, kuma tsoro ya kama ta matuƙa, domin idan sun lalace an rasa fuskokin ke nan har abada. A watan Disamba aka rufe tagogin wani aji da tabarmi a makarantar da aka sauke baƙin, aka kunna majigi. Sai ga mijin Liyatu a bango, matashi, da jar hularsa da wushiryarsa, kamar jiya aka ɗauka. Ajin ya kaure da guɗa da kuka. Fidelia ta juya ga Malam Ishaku, wanda aka kawo yana dogara sanda, ta ce: "Bappa, yau wa ke dariya?" Tsohon ya cire hularsa ya ɗaga mata.

Daga ranar aka riƙa yin layi a ƙofar shagon, Kirista da Musulmi, kowa da sunan ƙauyensa a baki. 'Yarta Peculiar tana kwafe hotunan a kwamfuta tana buga su a kati, ba tare da karɓar ko kwabo ba, kuma aka shekara takwas ana haka.

Rasuwa

Fidelia ta rasu a Jimeta ranar 9 ga Maris, 2023, bayan gajeriyar jinya. An binne ta a makabartar Kirista ta garin, kuma matan Wuro Hausa da mutanen Michika sun cika gidan makoki har ba wurin zama. Ta bar mijinta Lawrence da 'ya'ya huɗu: Obumneme, Chiemela, Fibi da Peculiar, wadda ta gaji shagon. Kafin rasuwarta hotuna fiye da dubu huɗu sun koma hannun masu su. Sauran suna nan a shagon, launinsu bai gushe ba, kowanne da suna da ƙauye a rubuce, kuma har yau babu wanda ya zo nemansu.