Awannin da Hartmut Ya Tara

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, Allah Ya karɓi ranka, Hartmut Brüggemann. Zuciya ce ta tsaya maka a bakin injinka, a masana'antarmu ta Duisburg, ko rigar aiki ba ka tuɓe ba.

Kai ka fara koya mini cewa Konto ba asusun banki kaɗai ba ne. A wurin aikinmu kowa na da Konto na lokaci: duk awar da ka ƙara bayan tashi, a ajiye maka, ka ci hutunta ranar da ka ga dama. Mu muna cinye namu da zafinsa, kai kuwa tarawa kake yi. Mun sha yi maka tsiya, muna kiranka marowacin awanni. Sai ka ciji burodinka ka ce, "Ku yi ta surutu. Ni zan riga ku barin wurin nan, in je in zauna da tattabaruna."

Da ciwo ya kwantar da matata Annegret, hutuna ya ƙare tas. Ban roƙe ka ba. Ka shiga ofis da kanka, ka sa aka juye mini mafi yawan abin da ka tara. Da na zo godiya, ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka ce, "Kai, tafi wurin matarka, kana tare mini haske. Tattabaru ai za su jira."

Da awanninka na zauna a gefenta har ta cika. Ba ta tafi ita kaɗai ba.

Da ba ka ba ni ba, Hartmut, da tun kakar bara ka bar aiki, kuma a lambunka mutuwa za ta same ka. Wannan tunanin ya ƙi barina. Yanzu ni kaɗai nake cin abincin rana a bencinmu, in koma gida babu mai amsa gaisuwata. Ina cikin kewa ƙwarai.

Allah Ya ji ƙanka, Ya saka maka da hutun da ka bar mini. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Waltraud da 'yarku Silke, Allah Ya ba su haƙuri.

Ni ma na tara 'yan awanni, kuma na fara cin su. Kowace yamma ina zuwa lambun in zuba wa tattabarunka hatsi. Har yanzu in ƙofa ta motsa, sai su juyo gaba ɗaya.