Mai Jan Biro da Kalmominta Ashirin da Huɗu

Ina zaune a wani shagon gyaran kwamfuta a Unguwar Boro, ina jiran tawa, sai idona ya tsaya kan wata dattijuwa da laftof a cinya. Tabarau ya zamo mata zuwa ƙarshen hanci, ga jan biro a hannu. Ko ba a faɗa ba, tsohuwar malamar makaranta ce.

Ta jona wata 'yar na'ura mai kama da filasha, irin wadda ake adana kuɗin intanet na kirifto da ita. Kafin ta sauke manhajarta, sai da ta bi adireshin shafin da yatsa, harafi bayan harafi. Yanzu na'urar tana nuna mata kalmomin sirri ashirin da huɗu, tana kwafewa a takarda, ta kare da tafin hannu.

Nelson mai shagon ya leƙo. "Mama, ki ɗauka a hoto mana, ya fi sauri."

"Ɗana, duk wanda ya ga kalmomin nan ya kwashe fanshona. Koma kujerarka."

Ya koma sumui-sumui. Sai ta juyo ta kalle ni ta saman tabarau. Ni da na bar makaranta shekara ashirin, na tsinci kaina ina kallon silin.